Taku Ɗari da Goma Sha Bakwai

Shekara arba'in ina gyaran agogo
a lungun nan na wajen Ƙofar Guga,
har yana ta sauko mini a ido,
lamba ta ɓace, allura ta bi ta,
ƙafa ta karɓi aikin gani.

Daga zaurena zuwa masallaci
taku ɗari da goma sha bakwai ne.
A na tara akwai dutsen da ya ci mini farce sau uku.
A na talatin kwatar gidan Lado
kan gaishe ni tun ban iso ba.
Ramin da babura ke faɗawa,
mai babur ya yi ashar, ya dawo ya yi istigfari,
shi ne rabin hanya.
Da aibinsa na haddace lungun nan,
kamar yadda ake gane ɗan'uwa da tarinsa.

Sai bara, bayan ƙaramar salla,
ga mutane da igiyar awo da jan fenti.
Turaku uku na ƙarfe a bakin lungu,
uku a ƙarshensa.
Suka ce daga yau hanya ta mai ƙafa ce:
ba babur, ba kurkura,
'yan garuwa ma sai da sassafe.
Aka rufe kwata, aka cike rami,
aka tone dutsena ba wanda ya yi mini sallama,
aka shimfiɗa daɓe sumul kamar tafin jinjiri.

Ranar buɗewa kowa na barka,
ni kuwa na ɓata.
A lungun da aka binne cibiyata!
Na doshi sallar la'asar,
na tsinci kaina cikin atamfofin Tasalla
ina miƙa wa mutum-mutumi hannu.
Yara suka kwashe da dariya, na taya su,
ta ciki na ciki.

Kowane bango yanzu ya yi baki.
Ɗakin da Barmo ya yi jinya ya zama shagon takalma,
tagar Delu ta faɗaɗa, tana fitar da fura da nono mai ƙanƙara.
Da magariba fitilun sola kan kama,
ni dai haske-haske nake gani,
amma ina jin takun mutane,
silifa, kofaton 'yan mata, sandar wani tsoho irina,
ba hon, ba hayaƙi,
har ciniki ya koma hira.

Sai na sake shiga makaranta, hanci ne malamina.
Turaren wuta: taku ashirin.
Ƙaurin tsiren Mani: a karkata dama.
Kukan keken ɗinki: saura kaɗan.
Inda man gyaɗa ke tsalle a tandar masa,
nan zan tuɓe takalmi.

Ba zan ɓoye ba, jikata Hansatu
mai tabon salansa a ƙwauri
yau da gudu take kai mini goro,
uwarta ba ta leƙe, ba ta salati.
Wannan kaɗai ya biya ni dutsena.

Amma Abashe mai faci fa?
Ba taya, ba faci, ba abin sawa a tukunya.
Ya naɗe robobinsa ya koma bakin titin Jibiya,
rediyonsa da muke jin labarai ta bi shi.
Mai gidan hayar Lado kuma ya lissafa fitilu,
ya ninka kuɗi.
Kwatar ta tafi, ga masu kwatar suna ɗaure kaya.

Jiya na sake ƙirgawa:
ɗari da arba'in da biyu.
Ko lungun ne ya ƙara tsawo,
ko gaisuwa ce ta yi yawa,
ko ƙafar ce ta fara bin ido, ban sani ba.
Na dai san a na sittin,
inda baƙin man Abashe ke kwanciya,
har yau nakan ɗaga ƙafa in tsallake.